Matakala uku da suka fi Gulbi wuyar ƙetarewa

A wannan mako zan fara da abin da idona ya gani, ba wanda aka ba ni labari ba.

Ran Talatar da ta wuce na je wata ma'aikata a nan cikin Maraɗi domin a buga mini hatimi a kan wata takarda. Ba zan faɗi sunanta ba, tun da abin da ya faru can yana iya faruwa a kowace. A bakin ƙofa na tarar da wani abokina wanda muka yi makarantar allo tare, mai gyaran rediyo da salula, wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu biyu tun yana ɗan shekara uku. Yana zaune bisa kekensa na guragu, irin wanda ake tuƙawa da hannu, ya ɗora ambulan ɗin takardunsa a cinya, yana kallon matakala uku na siminti da ke tsakaninsa da ɗakin karɓar kuɗi. Patanti ya zo biya, wato harajin sana'arsa. Daga rumfarsa zuwa wurin ya yi tafiyar da ta fi kilomita 2, cikin rairayi da ƙurar motoci, da ƙarfin damtsensa kaɗai. Saura taku huɗu ya isa, sai hanya ta ƙare masa.

Muna cikin gaisawa sai ga wani alhaji ya fito daga ciki, da babbar riga da ƙanshin turare, mutumin kirki bisa ga dukkan alama. Ya dubi abokina, ya sa hannu a aljihu, ya aje masa dala ashirin bisa ambulan, ya ce a sa shi cikin addu'a, ya shige motarsa. Abokina ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce: «Ka gani ko? Na kawo wa gwamnati jikkuna, an sallame ni da dala ashirin.» Daga nan ya sauko daga keken, ya zura takalman roba a hannuwansa, ya kama ambulan da haƙora, ya ja jiki ya hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ratsa shi ta dama da hagu. Na ce bari in ɗauke shi, ya ƙi. Ya ce shi magidanci ne mai ƴaƴa huɗu, ba buhun gero ba ne. Da ya shiga kuma sai ga wata matsalar: tagar da ake miƙa kuɗi tana daidai ƙirjin mutum mai tsaye, shi kuwa yana ƙasa, hannunsa kaɗai mai karɓar kuɗin yake gani.

Tun ranar abin yake ci mini rai. Alhajin nan da niyyar alheri ya yi abin da ya yi, Allah ya ba shi lada. Maginin da ya zuba matakalar shi ma bai yi da mugunta ba, abin da aka zana masa ya gina. Amma su biyun, ba tare da sun san juna ba, magana ɗaya suka faɗa wa abokina: wurinka a waje yake, bakin ƙofa, inda ake miƙo hannu daga sama. Kuma wannan maganar ce garinmu yake faɗa wa naƙasassu kullum safiya, a ma'aikata, a kasuwa, a makaranta, har a masallaci.

Su nawa ne muke magana a kansu? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu sama da mutum dubu 715 masu naƙasa a Nijar, wato sama kaɗan da kashi 4 cikin 100 na ƴan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum 1 cikin 6. Shin mu Allah ya keɓe mu ne da lafiyar da ta fi ta sauran duniya? Wanda ya san zaman gidajenmu ya san amsar. Uwar da take da ɗa mai taɓin ƙwaƙwalwa a ƙuryar ɗaki ba za ta faɗa wa baƙon da ya zo da takarda da biro ba. Tsohon da ido ya mutu, a wurinmu tsufa ne kawai. Waɗanda muke gani a mararrabar hanyoyi da bakin kantuna su ne ƴan kaɗan da suka iya fitowa. Mafi yawa suna bayan danga, sun daina fita saboda kowace fita wulaƙanci ce.

Kada a ce kakanninmu ba su yi tunanin waɗannan bayin Allah ba. Tun kafin zuwan Nasara ƙasar Hausa tana da Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, kowanne da rawaninsa da jama'arsa, yana yi musu sulhu, yana kai kukansu fada, yana raba musu abin da aka samu. Makafi an san su da tufkar igiya, wasunsu kuma mahaddata Alƙur'ani ne da ake zuwa ɗaukar karatu gabansu. Wannan tsari ya hana mutane da yawa mutuwa da yunwa a zamanin da babu asibiti, babu fansho. Sai dai ya zo da nasa ƙulli, domin ya mai da bara kamar gādo. Yaron da aka haifa makaho, tun kafin a yaye shi an riga an san sana'arsa, an san ma ƙanen da za a hana karatu domin ya riƙa ja masa sanda. Naƙasa ɗaya, yara biyu sun rasa makaranta. Harshenmu ma yana taya mu: mutum yana da sunan da aka yanka masa rago, amma unguwa duka «Gurgu» take kiransa har ya yi furfura. Yanzu a rediyo an koma cewa «masu buƙata ta musamman», kalma mai ladabi, ba ni da ja a kanta. Illa dai na lura matakalar ba ta rage tsawo ba tun da aka sake sunan.

Idan ana maganar doka kuwa, ba mu da abin kunya a kan takarda. Ran 2 ga watan Maris na 1993, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, an sa hannu a kan doka mai lamba 93-012 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu. A cikinta aka ce duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 20 ko fiye, wajibi ne ya keɓe kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsa domin su. An yi mata gyara a 2010. A watan Yuni na 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ɗora wa ƙasashe nauyin buɗe musu gine-gine, da hanyoyi, da makarantu, da labarai. Ran 10 ga watan Disamba na 2019 aka ƙara wata doka, mai lamba 2019-62. Muna da ranar ƙasa ta naƙasassu, 31 ga watan Yuli, ga ta duniya ran 3 ga Disamba, a yi jawabi, a raba kekuna da buhunan shinkafa gaban kyamara, a watse.

Dokar 1993 kusan sa'ata ce. Na yi rarrafe, na yi makaranta, na yi aure, ga furfura ta fara leƙowa, ita kuwa har yanzu ba ta tashi da ƙafafunta ba. Gaskiya ne an ɗauki wasu naƙasassu masu takardun shaida aikin gwamnati albarkacinta, kuma ƙungiyoyinsu, ƙarƙashin tarayyarsu ta ƙasa wadda ake kira FNPH, sun sha gwagwarmaya kafin a kai ga haka. Amma lissafin ba shi da wuya, kowane mai karatu yana iya yinsa a wurin aikinsa gobe da safe: kashi 5 cikin 100 na mutum 20, mutum 1 ne. Ku ƙirga abokan aikinku. In kun kai 40, ina biyun? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba a samu masu takarda ba. To yaya za a samu, alhali an tare su tun daga ƙofar aji na farko?

Bari mu bi yaro gurgu da safe, daga gida zuwa lakwal. Maraɗin da muke ciki yau an dawo da ita bisa tudu ne bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a cikin fadama. Nasara suka zana mata tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, abin sha'awa a kan taswira. Amma ban da manyan hanyoyin da aka yi wa kwalta ko aka shimfiɗa wa bulo, saura duk rairayi ne, kuma rairayi shi ne babban abokin gābar keken guragu. Ƙafar gaba ta nutse, yaro ya yi ta murza hannu keken bai motsa ba, sai ya jira wani ya turo shi. In ya fito bakin kwalta, gefen da aka tanada domin masu tafiya ƙasa ƴan tireda da masu faci sun cinye shi, sai ya shiga tsakiyar ƴan kabu-kabu da manyan motocin da ke zuwa Kano da Katsina. Da damina kuma ruwa ya yanke unguwa biyu, lambatu a buɗe, wanda ko mai ido sai ya yi hattara balle makaho da sandarsa. A bikin 18 ga Disamba na 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, garin ya samu sababbin hanyoyi da gine-gine, mun yi murna. Amma kwalliyar ba ta shiga lungunan da yawancin yaran nan suke kwana ba.

In ya isa makarantar, ga dakalin aji. In ya hau, ga tebur da benci a haɗe waɗanda ba ya iya shiga tsakaninsu. Sai kuma abin da ba a son faɗa a jarida, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: makewayi. Ramin da ɗaruruwan yara suke amfani da shi, ƙasa jiƙe, ƙofa ƙunci, shi kuwa da tafin hannu yake tafiya. Wani malamin firamare ya gaya mini ya taɓa samun ɗaliba mai ƙoƙari wadda ba ta shan ruwa tun daga asuba har a tashi, cikin zafin watan Afrilu, don kada fitsari ya kama ta a makaranta. Da ta fara girma sai ta daina zuwa. A rajista an rubuta cewa ta bar karatu. Ba a rubuta dalili ba.

Makaho da kurma nasu ya fi haka nisa. Rubutun makafi na ɗigo shida, wanda Louis Braille ya ƙago a Faransa tun wajen shekara 200 da suka wuce, ana koyar da shi a makarantar Soli Abdourahamane ta Yamai da wasu ƴan azuzuwa a cikin ƙasa. Kurame suna da makarantarsu a nan Maraɗi, kamar yadda ake da ita a Yamai da Damagaram. Madalla da malaman da ke wannan aiki. Amma yaron da sanƙarau ya toshe wa kunne a wani ƙauyen Tsibiri, wa zai kawo shi birni, wa zai riƙe shi? Tsibiri kilomita 12 ce kawai daga nan, mai babur ba ya ɗaukarta tafiya. Ga wanda sai an ɗauke shi an ɗora, an biya kuɗinsa, an biya na kekensa, an biya na ɗan rakiya, tafiya uku ce a cikin ɗaya. Ga shi kuma a tsarin mulki Tsibiri tana ƙarƙashin Gidan Runji ne, Jiratawa tana ƙarƙashin Madarunfa, saboda haka wata takardar sai an je can, a ce mai sa hannu ba ya nan, a dawo jibi.

Kurame kuwa, ni a ganina, su ne aka fi mantawa da su, domin naƙasarsu ba ta da sanda ko keke da za a gani. Suna da harshensu cikakke, maganar hannu, wadda suke hira da ita, su yi gardama, su yi barkwanci. Ta Kano ma har an rubuta littafi a kan nahawunta. Amma kurma ya je asibiti, likita yana tambaya, ƙanensa yana amsawa, a rubuta magani bisa zato. Mace kurma mai ciki ta je awo, sirrinta sai ya bi ta hannun wani. A gaban alƙali haka, a taron unguwa haka. Sanarwar allurar rigakafi, da ta ambaliya, da ta zaɓe, duk ta rediyo da lasifika muke yinsu, sa'an nan mu ce ba su zo ba.

Wanda yake son ya ga yadda magani yake gaza warkar da zuciyar jama'a, ya kama hanyar Ɗan Isa ya tsaya Danja, cikin ƙasar Jiratawa, kimanin kilomita 15 kudu da Maraɗi. Tun 1956 ƴan mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare a can, kuma har daga Nijeriya ana zuwa. A wancan zamani wanda ya shiga yakan yi shekaru. Yau kuturta ciwo ne kamar kowane: ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba gādo ba ce, ba sammu ba ce, ba cin wani abinci ba ne. Haɗin magungunan da aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980 yana kashe ta cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya duka, sa'an nan wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. In an zo da wuri, tun tana tabo a fata, ko yatsa ɗaya ba ya faɗuwa. To me ke sa mutane suke zuwa a makare? Tsoron sunan. Mutum ya gwammace ya ɓoye tabon a ƙarƙashin riga shekara biyu da a ce an gan shi a Danja, domin ya san ranar da aka sani, ranar za a ware masa kwano, a fasa auren ƴarsa, a daina sayen ƙosan matarsa. Kafin ya yarda ya je, jijiyoyi sun mutu. Ashe ƙyamarmu ce take yanke yatsun da muke ƙyama.

Wanda ya warke ma bai tsira ba. Likita ya sallame shi, gari bai sallame shi ba. A gefensa ga fadamar Jiratawa, inda tun farkon shekarun 1980 aka shirya sama da hekta 500 na noman rani da injinan ban ruwa, zogalen da ake ci har Yamai yana fitowa daga nan. Aikin zogale, tsinka da shanya da ƙullawa da sayarwa, yawancinsa a zaune ake yinsa, gurgu yana iyawa, wanda ya warke daga kuturta yana iya wani sashe. Amma mai saye in ya ga hannun da ya ƙulla, sai ya wuce gaba. Hausawa suna cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Karin maganar ta faɗi gaskiyar kasuwa, kuɗi ba su da ƙyama. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ta ina kuturun zai samu kuɗin in an ƙi sayen hajarsa. A Danjar nan dai aka buɗe asibitin mata masu yoyon fitsari a 2012, su ma ciwonsu ɗinki ne yake gyara shi, amma da yawa kafin su iso miji ya riga ya sallame su.

Da na ambaci mata, a nan ma ba daidai ake raba wahalar ba. Namiji gurgu in yana da sana'a yakan samu mata. Budurwa gurguwa kuwa sai a ce wa zai ɗauki wadda ba ta iya daka, ba ta iya ɗebo ruwa, kamar dai turmi ake aura. In an aure ta, sau da yawa a matsayin taimako ne, kuma za a riƙa tuna mata.

Akwai wani lissafi da ya kamata mu yi a wannan yanki musamman. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Nijeriya bisa jita-jita, ba a koma ba a Kano sai tsakiyar 2004. Cutar ba ta san iyaka ba, mu kuwa da Katsina da Kano kasuwa ɗaya ce, aure ɗaya. An sha fama kafin a cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida a 2006, kuma sai ran 25 ga Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar, ko da yake wani nau'inta yana ɓullowa jefi-jefi, shi ya sa ba a daina ɗiga wa yara maganin ba. Jariran da ta kama a waɗannan shekaru na ƙarshe yau sun haura shekara 20. Samari ne da ƴan mata, lokacin neman sana'a da aure. Duniya ta kashe dukiya mai yawa domin kada a ƙara samun irinsu, kuma ta kyauta. Su da aka riga aka samu, an bar mana su, mu maƙwabtansu.

Kuma kada mai ƙafa biyu ya karanta wannan shafi kamar labarin wasu. Ƙofar shiga wannan jama'a a buɗe take dare da rana. Haɗarin kabu-kabu ɗaya a kan hanyar Tsibiri ya isa. Ciwon suga yana yanke ƙafafun manyan ƴan kasuwa, hawan jini yana shanye ɓarin jikin manyan ma'aikata ana saura shekara biyu su yi ritaya, yanar ido tana jiran duk wanda ya yi tsawon rai. Na san wani tsohon shugaban ma'aikata wanda yau sai an ɗauke shi a kujera ake hawa da shi matakalar da shi ya sa hannu aka gina, in ya zo bin takardun fanshonsa.

Ya ku ƴan kasuwa, ban ce ku daina sadaka ba, Allah ya kiyaye. Kowa ya san hannun Maraɗawa a buɗe yake, duk safiyar Juma'a ana ganin layi a ƙofar manyan kantuna, kuma akwai gidajen da da wannan suke ɗora tukunya. Amma ku ne kuka fi kowa sanin bambancin kyauta da jari. Babu alhajin garin nan da ya zama alhaji da dala ashirin-ashirin. Wani ubangida ne ya yarda da shi, ya zaunar da shi a kanti, ya ba shi kaya bashi, ya bar shi ya yi kuskure ya gyara. Wannan yardar ce ake hana naƙasasshe. Wane ne a cikinku ya taɓa zaunar da gurgu a kan akwatin kuɗi, aikin da ba ya bukatar ƙafa? Wane ne ya ba kurma ɗinki ko walda ko kafinta, ya ga yadda yake aiki ba surutu? A Kano guragu sun haɗa kansu suna ƙera kekunansu da hannunsu, har ƙwallon ƙafa ta guragu suke yi, wadda ake bugawa da hannu bisa allo mai taya. Namu ma ba su gaza ba; ga abokina nan, rabin salular unguwarsu ta bi ta hannunsa. Sa'an nan ku dubi ƙofar kantinku. Gangaren siminti da keke zai bi ya hau bai fi ƴan buhunan siminti da yinin magini ɗaya ba, bai kai kuɗin ragon layya ba, kuma amalanken da ke kawo muku kaya shi ma zai ji daɗinsa.

Ku kuma ma'aikata, na san za ku ce ba ku da kasafin kuɗi, komai sai an rubuta Yamai. Wani abin haka ne. Amma fito da tebur ɗaya ƙarƙashin inuwa domin wanda ba ya iya hawa ba ya bukatar izinin minista. Karanta wa makaho abin da zai dangwala wa yatsa, a tsanake, ba ya bukatar kasafi. Haka nan ka dubi mutumin da kansa in kana magana, maimakon ka tambayi ɗan rakiyarsa «me yake so?» alhali ga shi zaune da bakinsa. Wanda kuma yake karɓar sabon gini daga hannun ɗan kwangila, makaranta ce ko ɗakin shan magani, yana da ikon ya ƙi sa hannu sai an yi gangaren, kuma a yi na gaskiya. Domin na ga wasu da aka yi don idon baƙi, a tsaye kamar hawan tsauni, wani ma ƙarshensa ginshiƙi ne ya tare shi.

Masallaci na bari a ƙarshe saboda nauyinsa. Malamai sun karantar da mu labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi wanda a dalilinsa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ladan ne tare da Bilal, kuma fiye da sau ɗaya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar masa riƙon Madina in zai fita. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, ya dage sai da ya fita Uhudu. A ƙasar Hausa ma, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙoƙinsa na Imfiraji har yau ana rera su. Waɗannan duk a cikin sahu suke, wasu ma a gabansa. Mu kuwa ran Juma'a mun saba ganin guragu da makafi a jere a bakin ƙofar masallaci, muna tsallake su mu shiga, mu fito mu ba su canji. Wurin alwala santsi, dakali dogo, keke ba shi da wurin tsayawa. Mun taɓa tambayar kanmu ko a cikinsu akwai wanda salla ya zo yi?

Abokina dai ya biya patantinsa, an ba shi rasit. Ya sauko matakalar da baya, ya kakkaɓe hannuwansa, ya hau kekensa. Dala ashirin ɗin alhaji kuwa ya miƙa wa wani almajiri da ke wucewa, ya ce masa ya yi wa mai ita addu'a, tun da amanar da aka ba shi ke nan. Ya ce in zo da rediyona da ke shaƙewa ya duba mini, amma in zo da kuɗi, ba ya aiki kyauta. Baɗi war haka zai koma biyan na wata shekarar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.